Amsa ga ƙanenmu da katinshi ya ƙi biya bayan ya ci gwanjo

Assalamu alaikum jama'ar gida, barkanmu da dare. Wanga murya amsa ce ga ƙanenmu da ya yi tambaya ɗazu bayan la'asar. Don waɗanda ba su saurara ba: ya ci gwanjo a eBay, shafin saye da sayarwa na intanet, tsohuwar takardar kuɗi ta BCEAO, babban bankin da ke buga sefa, mai harafin H na Nijar, a yuro 40, mai kayan yana Faransa. Ya sa katin bankinshi, kati ya ƙi wucewa. Sai ga saƙo wai daga mai kaya, cewa ya aiko ta Western Union kawai, za a ma yafe mishi kuɗin aike. Yana tambaya, ya aika ko kar ya aika.

Ƙanena, don Allah kar ka aika. Ko dala ɗaya kar ta fita ta wannan hanyar. Ka bar ni in yi maka bayani a tsanake, muryar za ta ɗan yi tsawo, ku yi haƙuri.

Mu nan Maraɗi mun saba da aike. Ka shiga Nita ko Amana, ka tura ma mai kaya a Yamai ko Damagaram, gobe kaya su iso tasha. Yana tafiya daidai saboda ka san shagon mutumin, ka san wanshi, in ya ci amana ka san ƙofar da za ka buga. To wanga da ke Faransa fa, wa ka sani nashi? Suna ne kawai a waya. Western Union in ka ba da lambar nan mai alƙaluma 10, aka je aka karɓa, magana ta ƙare, babu mai maido maka. Kuma eBay da kansu sun hana biya ta wannan hanyar. Duk kuɗin da ya bi ta bayan gidansu, ba su san da shi ba, ko ka kai ƙara ce maka za su yi ba su ga ciniki ba. Haka in an ce ka biya ta PayPal, wata hanyar biya ta intanet, amma ka zaɓi wurin aika ma dangi da abokai. Wannan kyauta ce ka yi a wurinsu, babu kariyar mai saye a kai. Wurin biyan kaya da aiki shi ne mai kariya, shi ne in kaya ba su zo ba kana da kwana 180 ka shigar da ƙara.

Sannan ka duba da kyau, saƙon nan ina ya shigo maka? In ta imel ne ko ta WhatsApp, ka buɗe asusunka na eBay ka leƙa akwatin saƙonni. In babu shi a ciki, to da wuya in mai kayan ne ya rubuto maka. Akwai masu bin sahun gwanjo suna rubuta ma waɗanda suka taya, har da waɗanda ba su ci ba, su ce wanda ya fi ka tayi ya janye, an sallama maka, aiko kuɗi maza. Na gaskiyar irin wannan tayi a cikin asusunka yake fitowa, da wurin biya a jikinshi.

Yanzu maganar kati, don nan ne ainihin matsalar take, kuma mafi yawan lokaci daga nan gida take, ba daga can ba. Ɗauko katin ka dube shi. In tambarin GIM-UEMOA kaɗai ke jikinshi, wannan na ƙasashe 8 ne masu sefa na yankinmu, ba zai biya a Turai ba. Sai mai tambarin Visa ko Mastercard. In yana da tambarin kuma ya ƙi, to ko ba a buɗe mishi biya ta intanet ba, ko ka kai iyakar da banki ya yanka maka na mako ko na wata, ko kuma lambar sirrin nan da ake turowa ta SMS lokacin biya tana tafiya wani layi da ka daina aiki da shi. Wanga na ƙarshe na gan shi da idona. Wani dattijo abokin cinikina, mai tara tambur na wasiƙa tun zamanin Diori Hamani, ya zauna shagona yana ta danna waya, zufa na zuba, shafin na jiran lamba, daƙiƙoƙi na ta raguwa. Ashe layin da ya rubuta ranar da ya buɗe asusu yana cikin wata ƙaramar waya a gida, hannun jikanshi. Da aka kawo wayar, ga lambobin nan jere, duk sun mutu. Washegari ya je banki aka canza layin, biya ya wuce nan take.

Akwai kuma adireshi. Mu gidajenmu ba lamba gare su ba, kowa kwatance yake yi, bayan masallacin kaza a Zariya ko Ali Ɗan Sofo. Abin da ka rubuta a shafin ya dace da abin da banki ke da shi, suna da tsarin rubutunshi, da akwatin gidan waya in da shi ka buɗe asusun. In a kati an sa Mahamadou kai kuma ka rubuta Muhammadu, kana jawo ma kanka tsaiko a banza.

Abu guda da nake roƙonka, ka daina maimaita danna biya. In ya ƙi sau ɗaya, sau biyu, tsaya. Wani lokaci kowace dannawa banki yana riƙe kuɗin a gefe ko da biyan bai wuce ba, sai ka ga asusunka ya ragu, can kuma suna cewa ba ka biya ba. Kuɗin yakan dawo, amma sai ya kwana biyu, kai kuma lokaci na tafiya. Yawan gwadawa kuma yana sa a toshe katin gaba ɗaya, a ɗauka ɓarawo ne. Ka ɗauki hoton saƙon da ya fito, da ranar da lokacin, gobe da safe ka tafi da shi banki da katin shaidarka.

Lokaci fa yana da muhimmanci. A eBay kwana 4 gare ka ka biya. In sun wuce, mai kaya na da ikon soke cinikin, a rubuta maka a asusu cewa ka ci gwanjo ba ka biya ba. In irin wannan ya kai biyu, masu kaya da yawa sun saita shafinsu ya hana ka tayi. Saboda haka daren nan, kafin ka kwanta, ka rubuta ma mai kayan ta cikin eBay, da Faransanci, gajere: bankina ya tsaida katin, gobe zan je a gyara, ina roƙon kwana biyu. Yawancinsu dattawa ne masu son abin kamar mu, in sun ga ka yi magana suna jira. Shirun ne ke sa su soke.

In banki ya gagara, akwai katin da ake zuba ma kuɗi, Visa, wanda ba sai kana da asusu ba, bankuna da dama na sayar da shi. Ka tambaya ƙarara ko yana biya a shafukan waje kafin ka saya, kuma kar ka yar da shi bayan ka biya, don in aka maido kuɗi, kan katin da ya biya suke komawa. Masu tunanin katin naira na Katsina ko Jibiya, ku tuna tun 2022 yawancin bankunan Najeriya suka rufe biyan waje da shi, sai a 2025 wasu suka sake buɗewa, shi ma da iyaka. In kuma kana da ɗan'uwa a Faransa ko Beljiyam da zai biya maka, ya yi, amma ka sani in aka kai kayan gidanshi aka sa hannu, a wurin eBay kaya sun iso. Abin da ya same su tsakanin can da Maraɗi, naku ne ku biyu.

Sai lissafi, ga kowa da kowa, tun kafin a taya. Yuro ɗaya sefa 655,957 ne, wato kusan 656, ba ya motsi tun 1999. Yuro 40 ɗinka jikka 26 ne da ƴan kai. In aike da rajista ya kama, a ce, yuro 12, ka haura jikka 34, ga ladan banki a kai, ga abin da duwan za su iya nema in kaya sun iso. To in jikka 30 ce cikin katin, ka ga shi kaɗai ya isa ya sa a ƙi. Dala ta Amurka da fam na Ingila kuwa su hawa da sauka suke, ka bar rara mai kauri. Kuma kar ka yarda da aike marar lambar bin sawu don rangwamen yuro biyar, in ambulan ya ɓace ba ka da abin nunawa.

Na san abin da ke cin ranka, tsoro kake takardar ta kuɓuce. Na fahimta wallahi. Harafin H ɗin nan namu ne, shi ne alamar Nijar, kamar yadda A take ta Kodebuwa, K ta Senegal, T ta Togo. Irin waɗannan takardu iyayenmu suka ƙulla a bakin zane suka sai da gyaɗa da su, yau sai a kantin wani Bature muke ganinsu. Haka hotunan kati na Damagaram lokacin tana babban birni kafin 1926, ko na tsohuwar Maraɗi ta bakin gulbi kafin ambaliyar 1945. Duk wanda ya dawo da ɗaya gida ya yi mana aiki, ni ina jinjina mishi. Amma takardun BCEAO an buga su da yawa, in wannan ta wuce wata za ta fito, a eBay ko a shafin Delcampe, wanda shi ma tun 2000 sana'arshi kenan, tambur da tsofaffin kuɗi da hotuna. Jikka 26 da ta shiga hannun wanda ba ka sani ba ita ce ba ta fitowa.

To ka turo mani hoton saƙon nan da na gaban katin, ka rufe lambobin da yatsa, bayan katin kuma kar ka ɗauka ko kaɗan, ko ni kar ka nuna ma. Gobe ƙarfe tara ina shago, in kana so ka biyo mu tafi bankin tare. Allah ya ba mu alheri, a gaida gida.