Gyaran Mariƙin Burushin Fenti da Ya Soma Girgiɗi

Tambaya: Assalamu alaikum. Ni mai sana'ar fentin gidaje ne a unguwar Gwale da ke Kano. Mariƙan burusaina sun tsattsage, fentinsu yana ɓarewa, ƙarfen da ya ɗaure gashin kuma yana girgiɗi, alhali gashin da sauransa. Shin suna gyaruwa, ko dai in koma Kasuwar Ƙofar Ruwa in sayi sababbi?

Amsa: Wa alaikumus salam, Malam. Muddin gashin bai zube ba, kada ka yar da su, domin gashin ne ke da tsada, katakon kuwa yana gyaruwa.

Tushen matsalar shi ne kwanan da burushi ke yi a cikin bokitin ruwa bayan aikin fentin ruwa. Katako yakan sha ruwa ya kumbura ya buɗa ƙarfen, idan kuma iskar hunturu ta kaɗa daga watan Nuwamba zuwa Fabrairu, sai ya bushe ya tsuke, ƙarfen ya rasa abin kamawa.

Ka fara da barin burushin ya bushe sarai a inuwa na kwana biyu ko uku, saboda gam ba ya kama jiƙaƙƙen katako. Sannan ka zare ƙananan ƙusoshin da filaya, ka cire mariƙin, ka kankare busasshen fenti da tsatsa, ka shafa gam mai haɗi biyu irin Araldite, ka mayar da shi, ka buga ƙusoshin a sabon gurbi. Farin gam na kafintoci ba na ba ka shawararsa a nan, domin ruwa yana sassauta shi, kuma ba ya riƙe ƙarfe. Ka ba shi awa 24 kafin ka taɓa.

Idan tsaguwar ta bi tsawon katakon, ka ɗura gam a ciki ka naɗe da robar tayar keke har ya kama. Wanda ya karye a wuya kuwa, kafinta zai fafe maka sabo.

Daga nan ka goge jikin da samfefa mai lamba 120, ka bi da mai lamba 220 don kada sartse ya shige maka hannu, ka shafa fentin mai siriri sau biyu.

Nan gaba, idan za ka jiƙa burushin, ko ruwa ne ko kananzir, kada ya haura gashin. Ka huda ƙarshen mariƙin ka rataye shi a ƙusa, gashin yana kallon ƙasa, yadda ruwan zai tsane ba tare da ya gangara cikin katakon ba.