Kada ka sayi birgin tukuna

Ɗana, saƙonka ya iso. Ka ce in ka zo hutun Sallah za ka sayi birgi, ragar kamun kifi, ka jefa a Matan Fada, gulbinmu na Argungu, har kana tambaya wa ya ba Sarkin Ruwa ikon rufe gulbin da Allah ya yi wa kowa. Na yi murmushi, daga baya kuma hankalina ya tashi, don jinin Kabawa ne ke wannan tambaya.

Ka fara sanin garin. Kakanninmu daga Surame suka taso, birnin Kanta, wanda ya kafa daular Kabi, suka zauna Birnin Kabi, bayan jihadi suka kafa sarautarsu a Argungu. Gulbi da fadama ne abincinsu, su ne kuma garkuwarsu tsawon shekarun da aka yi ana gaba da Sakkwato da Gwandu. A 1934 Sarkin Musulmi Hassan ɗan Mu'azu ya kawo ziyarar zumunci, Sarkin Kabi Muhammadu Sama ya sa aka shirya masa su, wato kamun kifi. Daga nan bikin da kake gani a talabijin ya samo asali, amma shi kansa su ya girmi bikin nesa ba kusa ba.

Da damina ruwa yakan malale fadama, kifi ya bi shi cikin ciyawa ya zuba ƙwai. In kaka ta yi ruwa ya fara janyewa, manya da ƙanana su tattaru a wurare masu zurfi. A lokacin ne kifi ya fi sauƙin kamu, a lokacin ne kuma aka fi yi masa ɓarna. Dattawanmu sukan ce manomin da ya cinye iri ba ya ganin kaka.

A zamanin ƙuruciyarmu, ranar fashin ruwa, wato ranar da ake buɗe gulbi a shiga su, tun asuba gaɓa ke cika. Kowane masunci da gorarsa da homa biyu, wato komar hannu, babu mai tsoma ko yatsa. Sarkin Ruwa na cikin kwalekwale da makaɗa, sun riga sun yi gyaran ruwa saboda kada. Sai a yi tsit, ka ji kukan tsuntsayen fadama kawai. Ana ba da izini ƙura ta tashi, ruwa ya koma jajir da laka. Mutum yakan kifa ƙirjinsa a kan gora, bakinta na sama, yana tuƙi da ƙafa, homa ɗaya a kowane hannu. Ya nitsa su a buɗe, ya haɗe bakinsu kamar mai tafi, ya ɗago. Wanda ya yi gaggawar ɗagowa kafin su haɗu, kifi ta ƙasa yake zille masa. Gorar dole ta zama busasshiya mai kauri, bakinta daidai shigar hannu. In da tsaga ko ƙanƙanuwa ce, tana shan ruwa a hankali har ta nitse da mai ita a tsakiyar gulbi, shi ya sa ake gwada ta a bakin gaɓa tun ana gobe. Kurungu sai an karya ƙayarsa kafin a jefa shi ciki, in ba haka ba ya soke hannu, zafinsa ya wuni. Tarwaɗa santsi ne da ita, a bayan kai ake riƙe ta. Giwan ruwa kuwa ba ta shiga gora. Igiya ake zura mata ta kunci ta fito ta baki, mutum biyu ko uku su ja ta zuwa tudu, mata na guɗa. Da yamma ko gidan da ba su da masunci sai an kai musu rabonsu.

Yau abin da ke ci mini rai, yara na tace ruwa da gidan sauro, suna kwashe 'ya'yan kifin da ba su kai yatsa ba. Wasu ma maganin ƙwari suke zubawa da dare, a ruwan da mutane da shanu ke sha. Ga madatsun Bakolori da Goronyo sun rage ambaliyar da ke cika fadama, ga yashi na cike zurfin. Kifi na ganinka mai jar koma, amma ina zai gudu in an sa masa guba?

Zancen ikon Sarkin Ruwa ba na waya ba ne. In ka iso, za mu fara shiga gidan tarihi na Kanta, tsohuwar fadar da sarakuna suka zauna har 1942, inda kaburburansu suke, ka ga kayan su na da da idonka. Kuɗin birgin ka riƙe, a nema maka gora, 'yan uwanka su koya maka hawanta a inda ruwa bai wuce ƙugu ba. Ka gaishe da mahaifiyarka.