Amsa: Ƙararrawar coci a kiɗan Rasha

Ɗan'uwa, ka tambaya me ya sa kiɗan fiyano na Rachmaninoff, mai tsara kiɗa ɗan Rasha, yake yi maka kamar ana buga ƙararrawar coci. Kunnenka bai yaudare ka ba.

A cocin Otodoks na Rasha ba a kaɗa kayan kiɗa lokacin ibada, murya kaɗai ake amfani da ita, sai ƙararrawa a hasumiya. Kuma ba lilo suke yi da ita ba kamar a Ingila. A kafe take, mai bugu ya riƙa jan harshenta da igiyoyi, hannu da ƙafa duk suna aiki. Babbar tana gurnani a hankali, ƙananan suna ta rige-rige a sama. Ni dai ya fi yi mini kama da ganguna.

Wannan amon Rachmaninoff ya sha ji yana yaro a garin Novgorod na Rasha, inda kakarsa ke kai shi coci. Saurari farkon kiɗansa na biyu na fiyano da ƙungiyar makaɗa, na 1901: bugu mai nauyi ne yake ƙaruwa sannu a hankali. A 1913 kuma ya tsara babban aiki mai kashi 4 a kan ƙararrawa, daga ta ƙuruciya, ta aure, ta gobara, har ta jana'iza. Ta ƙarshen nan tana taɓa mini zuciya ƙwarai.

Gwamnatin Sobiyet ta narkar da ƙararrawa masu yawa. Na gidan ibadar Danilov guda 18 sun tsira ne don an kai su jami'ar Harvard a 1930, sai 2008 suka koma Mosko.