Kakana yana cikin injiniyoyin jirgin sama na farko daga yankinmu

Malam, ka yi tambaya ko a zamanin da akwai 'yan Arewa da suka yi aikin injiniyan jirgin sama, kuma a ina suka koyo. Tabbas akwai su, domin kakana, Allah Ya jiƙansa da rahama, yana cikinsu.

Daga wani ƙauye kusa da Ringim ya fito, ya yi karatu a makarantar koyon fasahar jiragen sama ta Zariya, wadda aka kafa a 1964, sannan ya kama aiki da kamfanin Nigeria Airways a Kano, garin da jirgin sama ya fara sauka a Nijeriya a 1925. Aikinsa shi ne duba inji da tayoyi da birki, kuma a ƙa'ida jirgi ba ya tashi bayan gyara sai injiniya mai lasisi ya sa hannu a littafi, alamar ya ɗauki amanar rayukan fasinjoji. Hajiya kakarmu takan ce lokacin jigilar alhazai sai ya yi kwanaki ba ta sa shi a ido ba.

Da ya yi ritaya gida ya komo, ya kama noman gero da gyaɗa. Na sha ganinsa a zaure yana kwance injin ban-ruwa na maƙwabta, ya jera noti da sifanu a kan farin ƙyalle, ya ƙirga su kafin ya fara, ya sake ƙirgawa bayan ya gama, kuma ko kwabo ba ya karɓa. Har ya bar duniya, idan jirgi ya gifta ta saman gona, yakan ajiye fartanya ya saurari ƙarar injin har ta ɓace.