Shugabana ya sa ni a gaba a ofis, in kai shi kotu?

Malam, na karanta wasiƙarka da kyau. Ka ce tun da kuka yi sa-in-sa da daraktan sashenku a kan rabon aiki ya daina turo maka fayil, ya ba ka maki kaɗan a takardar auna ƙwazo ta shekara, yanzu kuma ga takardar tuhuma wai aikinka ya ja baya. Kana so ka ƙi amsawa, ka garzaya kotu.

Kada ka ƙi amsawa. A ƙa'idojin aikin gwamnatin tarayya awa 72 aka saba bayarwa, shiru kuma zai iya zama wani laifin daban. In a jiha kake aiki, duba ƙa'idojin jiharku da wa'adin da ke jikin takardar.

Inda nake ganin ka yi kuskure shi ne zaton da kake yi cewa ƙiyayyar shugaba kaɗai ta isa ƙara. A fahimtata, da wuya. Sashe na 254C na Tsarin Mulkin 1999 ya ba Kotun Ma'aikata ta Ƙasa hurumin irin wannan rigima, amma alƙali ba ya leƙa zuciyar darakta. Abin da zai tambaya shi ne ko an bi ƙa'ida, ko an ba ka damar kare kanka. Rabon aiki da ba da maki galibi ikon hukuma ne, sai in an nuna mugun nufi a rubuce. Kuma har yanzu ba a hukunta ka ba, tuhuma ce kawai.

Ban ce daraktan yana da gaskiya ba. Mutum ya hana ka aiki sannan ya tuhume ka da rashin yi, wannan bai dace da shugaba ba, kuma jama'ar da ke jiran fayilolin su ke shan wahalar. Mai yiwuwa nan ne hujjarka mafi ƙarfi. Sa shi a amsarka da kwanan wata, ban da zagi, ka riƙe kwafi mai hatimin karɓa.

Daga nan ka kai koke ga Babban Sakataren ma'aikatarku ta hanyar da aka saba, ka shigo da ƙungiyarku ta ƙwadago a zauna. Hukumar Karɓar Koke-koken Jama'a ma tana shiga tsakani kyauta. Ni sulhu na fi so maka, don ko ka ci shari'a, ofishin nan za ka koma.

Amma ka kula: Dokar Kare Jami'an Gwamnati ta sa wa'adin wata 3 na shigar da ƙara, kotuna kuma sun sha bamban a kan ko ya shafi rigimar aiki. In aka hukunta ka, ka ga lauya da takardunka a makon.