Na riga shi samun sarauniya, me ya sa wasan ya tashi canjaras?

Tambaya: Malam, muna buga wasan ces da yamma a Mabera, nan Sakkwato. Rannan sojana ya kai ƙarshen allo ya zama sarauniya, abokin karawata kuwa ba shi da komai sai sarki da soja ɗaya a gidan c2 (layin c, jeri na biyu, saura taki ɗaya shi ma ya zama sarauniya), amma duk cek ɗin da na yi masa, wato kai wa sarkinsa hari, a banza, muka tashi canjaras. Ina kuskurena?

Amsa: Malam, idan sarkinka yana nesa a lokacin, da wuya a ce ka yi kuskure a wannan gaɓar, domin layin da sojan yake kai shi ne ya yanke hukunci. Sarauniya ita kaɗai ba ta iya cin sojan da sarkinsa ke gadi, sai sarkinta ya zo ya taya ta. Dabarar ita ce a yi ta cek ana matsowa har a tilasta wa sarkin abokin hamayya ya shiga gaban sojansa ya tare masa hanya, a nan ne za ka sami sararin matso da sarkinka gida ɗaya, sannan ka maimaita. Da a ce sojan yana d2 sarkinsa yana e1, ka sa sarauniya a e3, dole ya koma d1, in ba haka ba sojan ya tafi. Wannan yana aiki a layukan b, d, e da g.

Layin c da na f daban suke. Sarkinsa yana b1, ka yi masa cek daga b3, kana jiran ya shiga c1, sai ya zame zuwa kusurwa, wato a1, ya bar maka sojan a fili. Kana cin sojan a c2, sarkin ya rasa gidan da zai taka alhali ba a yi masa cek ba, doka kuma ta ce wannan canjaras ne. In ka ƙi ci, sojan zai zama sarauniya, don haka ba ka da lokacin kiran sarkinka. A layin a da na h ma kusurwar ce ke cetonsa.

Abu biyu ke rusa masa wannan mafaka ko da sarkinka bai kusa ba. Idan sarauniyarka ta sami zama a gaban sojan, a c1 ke nan, magana ta ƙare, sarkinka zai taho a tsanake. Haka kuma idan yana da wani soja da ke iya motsi, sau da yawa wannan sojan ne ke jawo masa asara, tunda ba zai rasa abin bugawa ba. Na sha ganin masu wasa suna rawar jiki wajen cinye irin wannan sojan, su mayar da nasara canjaras da hannunsu.

A ganina kuskuren ya faru tun kafin tseren sojojin. Lokacin da kake musayar 'ya'yan ƙarshe ya kamata ka duba layin da sojansa zai bi, ka kuma ƙirga gidajen da ke tsakanin sarkinka da c2.