Malam, In Koyi Forth Ko In Bari?

Tambaya: Malam, ni ɗalibi ne a Jami'ar Usmanu Danfodiyo, ina zaune a Mabera. Na ci karo da wani harshen rubuta manhaja mai suna Forth, kuma ya kwanta mini a rai. Abokaina sun ce ɓata lokaci ne, in kama harshen Python kawai. Ina mafita?

Amsa: Ɗana, ka sosa mini inda ke yi mini ƙaiƙayi. Abokanka suna da gaskiya ta fuska ɗaya: in aikin albashi kake nema, Python ce za ta ciyar da kai, kada ka sake ta. Amma Forth za ta nuna maka cikin kwamfuta ƙuru-ƙuru.

Ka taɓa shiga majema ka ga yadda ake jibge fatun jar akuya? Wadda aka ɗora ƙarshe ita ake fara ɗauka. Haka Forth ke yi da lambobi, tari take yi musu. Ka rubuta 2 3 + . ka gani. Za ta ɗora 2, ta ɗora 3 a kai, alamar tarawa ta kwashe su biyun ta ajiye 5, ɗigon nan kuma ya fito maka da ita a allo. Abin da ya fi burge ni shi ne kai ma kana ƙera kalmarka. Rubuta : ninki 2 * ; (alamar * ninkawa take nufi), sannan 7 ninki . sai ga 14. Da Hausa fa!

Charles Moore ne ya ƙirƙiro ta a Amurka wajejen 1970, aka sarrafa na'urar hangen sararin sama ta Kitt Peak da ita. Saboda rashin nauyinta har sama jannati ta je, cikin Philae, na'urar da ta sauka kan tauraro mai wutsiya a 2014.

Farkon koyona na sha wuya, lambobi uku kacal sai su rikita ni. Da na koma zana tarin a takarda bayan kowace kalma, sai ido ya buɗe. Kai ma yi haka. Sauke Gforth, manhajar da ake gudanar da Forth da ita, kyauta ce, tsohuwar kwamfuta ma ta ishe ka. Ka ba kalmomin dup (kwafe lambar saman tari), swap (musanya biyun sama) da drop (jefar da ta sama) mako guda, rabin awa kullum bayan sallar Isha'i, sannan ka rubuto mini kalmar farko da ka ƙera.